Motar Gombe da Ta Ƙi Cika

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Baba Fasto, dattawan ikilisiya, 'yan'uwana matan zumunta, da ku 'ya'yana ɗalibai da kuka lafe can baya kuna latsa waya, salamar Ubangiji ta zauna tare da ku. Ku kifa wayoyin nan na ɗan lokaci, don Allah. Yau tsohuwa za ta tona wa kanta asiri.

Saboda baƙi, sunana Rifkatu, amma a nan kowa Maman Hannatu yake ce mini. Mutuniyar Gombe ce ni, aiki ya kawo ni Wudil, ina kula da ɗakin kwanan ɗalibai mata a jami'a. Shekara da shekaru ni ce mai ba da waƙa a zumuntar mata, saura suna amshi. Wasunku sun lura bara na daina ba da waƙa na koma buga tulu. Da kuka tambaye ni, na ce ina so in ba yara dama su koya. Ƙarya nake yi. Numfashina ne ba ya kaiwa ƙarshen baiti.

Tari ne ya kama ni tun farkon damina. Na sha zuma da lemun tsami, na sha citta da kanumfari, na tsotsi alewar tari har harshena ya yi kanta. Wata ɗaya, wata biyu, wata uku, tari yana nan. Da asuba in tashi in tarar rigata sharkaf da zufa. Zanen zumunta da nake ɗaurawa ya zauna daram, sai ga shi ina ninka shi. In kuka ce, "Maman Hannatu, kin faɗa fa," sai in ce azumi nake yi. Har yaba mini kuka yi, kuna cewa a yi koyi da ni. Allah ya gafarta mini!

'Yan'uwa, ba rashin sani ba ne. Na san muryar tarin nan kamar yadda na san muryar 'yata, domin shi ya ɗauke mini Baban Hannatu. A wancan zamani, kafin a gane abin da ke damunsa, sai da muka yi ta zirga-zirga zuwa Kano. A ce ya kawo kaki yau, ya sake kawowa gobe da sassafe, a ce mu dawo wani mako. Kafin takarda ta fito ta ce tarin fuka ne, mutumin ya riga ya ƙare. Ya fara shan magani, amma jiki ya yi nisa. Hannatu tana aji uku na firamare muka binne shi.

To da na ji irin wannan tarin a ƙirjina, sai na ƙulla wata dabara da na sa mata suna bangaskiya. Duk lokacin da zuciyata ta ce, "Rifkatu, je ki a duba ki," sai in ɗaga hannu in ce, "Ban karɓa ba, cikin sunan Yesu!" Na ɗauka in ban kira sunan ciwon da bakina ba, ba zai zauna ba. Ban taɓa durƙusawa na ce wa Allah, "Uba, ina jin tsoro," ba. Ina ta yi wa ciwo tsawa, amma ban yi wa Ubana magana ba ko sau ɗaya.

Ana cikin haka, sai surukina ya bugo waya daga Gombe. Hannatu ta haihu, namiji, amma bakwaini ne. Ya yi mako biyu a asibiti kafin a sallame su. Suka sa masa sunan kakansa Baban Hannatu, wato Yohanna. Kun san yadda kaka take da jikanta namiji, mijinta ne na wasa. Ni kuwa nawa har sunan ya ɗauko. Tun a waya na fara ce masa Maigida.

Hannatu ta ce, "Mama, yaushe za ki zo? Tsoron yi masa wanka nake, ɗan mitsitsi ne."

Haihuwar fari, kuma 'yata ɗaya tilo. Wa zai yi mata wankan jego in ba ni ba? Ni zan dafa ruwan zafi, ni zan dama kunun kanwa, ni zan kwana ɗaki ɗaya da ita da jariri har kwana arba'in, taga a rufe saboda kada iska ta taɓa bakwaini. Ni zan rungume shi a ƙirjina don ya ji ɗumi. A wannan ƙirjin! Na san haka sarai, amma na ɗauki hutu a wurin aiki, na haɗa gero da kanwa da yaji da daddawa, na ɗaure buhu.

Ranar Juma'a na zaɓa, saboda ranar kasuwar Wudil ce, mota ba ta daɗewa take cika. Ƙarfe takwas da rabi ina tasha. Direban, Malam Sale, dattijo ne mai furfura a gemu. Ya ɗaure buhuna a baya, ya ce, "Mama, kin zo a sa'a, saura mutum ɗaya." Na shiga na zauna gefen taga, na rufe ido na yi addu'a. Kun san addu'ar da na yi? "Ya Ubangiji, ka cika motar nan da sauri." Ita ke nan.

Sai tari ya turnuƙe ni. Na danna fuska cikin gyale, na yi ta yi har idona ya kawo ruwa. Da na ɗago, sai na ga wata mata tsaye a bakin taga, sanye da hijabi da 'yar rigar ma'aikatan lafiya a kai, tana riƙe da littafi.

Ta ce, "Sannu Mama, ina kwana? An tashi lafiya? Yaya gida, yaya iyali?"

Na amsa a gajarce.

Ta ce, "Sunana Hauwa, daga Indabo nake. Aikina ke nan, in bi tasha da kasuwa ina sauraren tari. Mama, wannan naki ya kwana nawa?"

Na ce, "Mura ce, 'yata. Jiya ruwa ya dake ni."

Ba ta yi mini gardama ba. Ta yi murmushi kawai, ta nuna mini wata rumfa a bakin tasha, inda wata a-daidaita-sahu ke tsaye da farantin hasken rana a kanta. Ta ce masu gwajin tarin fuka ne suka fito daga asibiti saboda ranar kasuwa, kuma kyauta ne. Za a ɗauki hoton ƙirji, in an ga alama a karɓi kaki a sa a na'ura, sakamako ya fito yau.

Na yi dariya. Na ce, "Yarinya, ni na yi jinyar mai wannan ciwo. Gwajin nan mako yake ɗauka, ni kuwa tafiya ce a gabana."

Ta ce, "Da ne, Mama. Yanzu awa biyu ma ba ya cikawa. Ina za ki haka?"

Bakina ya kubce, saboda daɗin abin. Na ce, "Wankan jego. Jikana bakwaini ne."

Sai murmushin ya bar fuskarta. Ta sunkuyo ta rage murya yadda sauran fasinja ba za su ji ba. Ta ce, "Mama, ki dubi girman Allah ki sauko. Ni ma na yi ciwon nan, na warke, ba abin kunya ba ne. Amma jariri ba ya iya ɗaukarsa yadda babba yake ɗauka. In mota ta cika kafin sakamako ya fito, ki yi tafiyarki, zan kira ki a waya."

Malam Sale ya sa baki, ya ce, "Je ki Mama, kujerarki tana nan, ba mai taɓa ta." Fasinjoji suka zuba mini ido. Kunya ce ta sauke ni daga motar nan, ba biyayya ba.

A rumfa aka tsayar da ni gaban wani allo, aka ce in ja numfashi in riƙe. Ban gama gyara gyale ba hoton ƙirjina ya fito a fuskar kwamfuta. Ma'aikacin ya duba, ya dubi Hauwa, ya miƙo mini 'yar roba mai murfi. Hauwa ta buɗe littafi ta tambayi sunana da lambar wayata.

'Yan'uwa, ga inda nake so ku ji irin matar da ke tsaye a gabanku. Na ba ta sunana daidai. Da aka zo lamba, sai na canja biyun ƙarshe. Ni, shugabar waƙa, mai Littafi a jaka! Lissafina shi ne, saura mutum ɗaya, ranar kasuwa, minti goma mun tashi. Ta kira duk wanda za ta kira.

Na zaga bayan rumfa na ba da kakin, na dawo na shige mota na ja ƙofa.

Ƙarfe tara ta wuce. Wani mutum ya zo da rago, ya ce shi da ragon za su shiga. Malam Sale ya ce baya ya cika, ba inda za a sa dabba. Mutumin ya ja ragonsa ya tafi. Wata mata ta zo har ta sa ƙafa ɗaya a ciki, sai wayarta ta yi ƙara, ta saurara, ta ce an fasa tafiyar. Wani saurayi ya leƙo, ya ga kujerar tsakiya ce ta rage, ya ce shi dogo ne, ba zai iya ba. Motar da ke gefenmu ta cika ta tashi, wata ta shigo layi, ita ma ta cika ta tashi. Mutane kamar ƙasa a tashar nan, amma mai zuwa Gombe guda ɗaya ya gagara.

Malam Sale ya cire hula ya sosa kai. Ya ce, "Ikon Allah! Tun ina saurayi nake lodi a tashar nan, ban taɓa ganin kujera ɗaya ta ƙi cika ranar Juma'a ba."

Ni kuwa idona yana kan rumfa. Ina hango 'yar na'urar a kan tebur, ba ta fi akwatin rediyo ba, wata fitila tana ƙyaftawa a jikinta. Na ce, "Direba, ni zan biya kuɗin kujerar da ta rage, mu tafi."

Fasinjoji suka yi ta sa mini albarka. Malam Sale ya shiga ya tayar da mota. Sai ya waiwaya ya ƙirga kawuna, ya ce, "Ina Alhajin da ke gaba?" Ashe da mutumin ya ga zaman ya yi tsawo, ya ce bari ya leƙa kara ya ga farashin shanu. Jakarsa tana kan kujera, wayarsa tana cikin jakar. Malam Sale ya kashe mota.

A nan ne jikina ya yi sanyi. Na gane cewa ba da direba nake ja ba, ba da Hauwa ba, ba da Alhajin shanu ba. Akwai hannun da ya dafe motar nan, kuma na san hannun wane ne.

Na sunkuyar da kai a bayan kujerar gaba. Karo na farko cikin wata uku, na yi addu'ar gaskiya. Na ce, "Uba, ina jin tsoro. Na ga yadda Baban Hannatu ya tafi, ba na so in bi shi. Ina so in ga jikana. Amma ga shi na ɗauko abin da ya kashe Yohanna na farko zan kai wa na biyu, da hannuna, cikin buhun gero. In ciwon nan ne a jikina, kada ka bar tayar motar nan ta motsa. Na karɓi duk abin da ka nuna mini." Hawaye suna zuba a kan takalmina, matar da ke kusa da ni tana cewa, "Sannu, Mama, ki yi haƙuri, yanzu za mu tashi."

Da na ɗago kai, sai na ga mutum biyu suna nufo motar. Daga hagu Alhajin shanu, yana tafe yana ba da haƙuri. Daga dama Hauwa, da gudu, hijabinta yana tashi, takarda a hannunta. Ta riga shi isowa da taku uku. Taku uku, 'yan'uwa! Ku yabi Ubangiji!

Ta kama hannuna ta ja ni gefe, ƙarƙashin darbejiya. Ta ce, "Mama, an samu ƙwayar cutar. Amma ki gode wa Allah, na'ura ta nuna irin wadda ke jin magani ce. Wata shida za ki sha, kyauta, kuma yau za ki fara. Za ki warke da yardar Allah."

Na ce, "'Yata, ki goge lambar da na ba ki. Ba tawa ba ce."

Ta ce, "Na sani, Mama. Tun ɗazu na gwada ta, wani mai sayar da kifi ya ɗauka. Shi ya sa na tsaya a kan na'urar ina roƙon Allah kada motarku ta tashi."

Kun ji? Ni ina cikin mota ina roƙo ta cika, baiwar Allah tana rumfa tana roƙo kada ta cika, saboda jaririn da ba ta taɓa gani ba. Na rasa inda zan sa fuskata.

Malam Sale ya kwance buhuna da kansa, bai tambaye ni komai ba, ya ce, "Allah ya ba da lafiya, Mama." Hauwa ta yi wa fasinjojin da na zauna da su bayani, ta faɗa musu alamun da za su lura da su. To ga abin da har gobe in na tuna nake jinjina ikon Allah. Buhuna bai gama taɓa ƙasa ba, sai ga mata biyu, uwa da 'ya, suna tambaya, "Ina motar Gombe?" Kujerata da wadda ta ƙi cika tun safe, duka biyu a lokaci guda. Ina tsaye ina kallo motar ta fita daga tasha ta hau titi.

Kiran Hannatu ya fi mini komai wuya. Na ce, "Ba zan zo ba." Na faɗa mata sunan ciwon da bakina, sunan da na yi wata uku ina gudu. Ta fashe da kuka, ta ce, "Mama, irin na Baba?" Na ce, "Irinsa ne, amma ni an kama shi da wuri." Uwar mijinta ce ta yi mata wankan jegon. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya ci mini rai. Kwana arba'in ina kallon buhun geron nan a kusurwar ɗaki, ina tunanin ko uwar mijin nan ta iya dama kunu. An ce ta iya. Ban yarda ba har yanzu.

Magani kuwa ba wasa ba ne. Kullum da safe kafin in karya. Fitsari ya koma ja har na tsorata, Hauwa ta ce haka yake yi. Takan hau babur daga Indabo ta zo ta duba katina, ta ga ko na tsallake rana. Da na fara jin ƙarfi a wata na biyu na ce ai na warke, sai ta zare mini ido, ta ce in na daina a tsakiya ciwon zai dawo da taurin kai. Aka zo aka gwada ɗaliban da ke kusa da ni da matan zumunta. Kun tuna ranar da kuka yi layi a bakin majami'a. Allah ya kiyaye ku duka, amma ni na zauna a tsakiyarku ina tari ina ɓoyewa. Ina roƙonku gafara a gaban Allah da ikilisiya.

Bayan wata biyu aka sake gwada kakina, aka ce ba a ga komai ba, zan iya tafiya in dai ba zan bar magani ba. Na koma tashar nan, kuma Malam Sale na tarar a layi. Ya ce, "Mama, yau ma za ki riƙe mana mota?" Ban gama zama ba ta cika.

Da na isa Gombe, Hannatu ta miƙo mini jikana. Na karɓe shi. Ban duba kamanninsa ba, ban duba ko ya yi ƙiba ba. Na ɗora kunnena a kan ɗan ƙirjin nan na saurara. Ni da na san muryar ciwon nan a ƙirji biyu, na saurara har Hannatu ta ce, "Mama, lafiya?" Iska tana shiga, iska tana fita, sumul, ba ko ɗan ƙara. Na ce, "Maigida, ka gafarta mini, na makara." Ya kama mini ɗankunne ya ja.

Na gama wata shida cif, an sallame ni. Ga ni nan, zanen zumunta ya koma zama daram.

'Yan'uwana, in tari ya kai maka mako biyu, ka je a gwada ka. Ba sai ka je Kano ba, a nan kusa ake yi, kuma a rana ɗaya za ka ji. Kada ka yi irin tawa, ka ɗauki tsoro ka sa masa rigar bangaskiya. Allahn da muke bauta wa ba ya tsoron sunan ciwo. Shi ya ba mutane hikimar ƙera na'urar nan, shi ya aiko Hauwa bakin taga, shi ya tura Alhaji kallon shanu. Ka faɗa masa gaskiya, ka dogara gare shi. In kuma ka yi addu'a ƙofa ta ƙi buɗuwa, kada ka yi saurin fushi, wataƙila wani yake tsarewa daga gare ka.

Hannatu, ga ki nan a gaba, tashi da Maigida su gan shi. Ɗaga shi sama. Ka ga, ya tsorata da mutane, zai yi kuka. A'a, kada ki rarrashe shi! Bar shi ya buɗe murya. Ku saurara, 'yan'uwa. Kun ji ƙarfin kukan nan? Ƙirjin da na kusa kai wa ciwo ke nan.

Na gode maka, Yesu, da ka ƙi amsa addu'ata ta farko. Wadda ke riƙe da tulu ta ci gaba da riƙewa. Yau ni zan ba da waƙa, ku amsa.